Motar da Ta Shekara Takwas a Rufe

Mijin yayata, Kamarul, ya sayi motar ne shekarar da aka ƙara masa girma a kamfanin simintin da ke bayan garinmu Ipoh. Motar tsere ce ƙirar Japan, rawaya, mai ƙofa biyu, gajeruwa har sai mutum ya duƙa kamar mai shiga akurki. In ya tashe ta da safe duk layin sai ya sani. Shekara uku yana hawanta, yana wanke ta da hannunsa, ko ledar abinci ba a shiga da ita ciki.

Sai wata shekara, lokacin ruwan nan na watan Nuwamba, ya shigar da ita gareji, ya ɗora ta a kan katakai, ya lulluɓe ta da tamfol. Ya koma zuwa aiki a kan wani tsohon babur. Na sha tsokanarsa, ina kiransa Abang, wato Yaya.

"Abang, mota ka saya ko gawa? Kullum tana cikin likkafani."

"Kai ba ka san kasuwa ba, Suhaimi," in ji shi. "Kowace kilomita da ta taka, kuɗi ne ya zube a titi. Za a daina ƙera irinta. Ka ba ni shekara goma, sai ta fi kuɗin da na saye ta."

Yana faɗa ba ya dariya, shi da a da ba a raba shi da barkwanci. Muka ce girma ne ya zo masa. Duk Juma'a da safe yakan tashe ta minti goma a cikin garejin, ƙofa a rufe, sannan ya kashe. Haka ya yi shekara takwas, har ciwon zuciya ya ɗauke shi a bakin aiki.

Da yayata Zaleha ta fita takaba, sai ta ce gidan ya yi mata girma. Tana so ta koma Seremban kusa da 'yarta Izzati, wadda ke aure a can da ɗa ɗaya. Motar za a fara sayarwa. Ni ina sayar da taya, na san dillalai, don haka na kira Teoh, wanda ya fi shekara talatin yana cinikin tsofaffin motoci.

Teoh ya zo da hantsi, da silifas da gajeren wando. Da muka yaye tamfol sai ya yi fito.

"Kak, nawa maigidan ya ce miki za ta yi?" ya tambayi Zaleha, da sunan da muke kiran babbar yaya.

"Ringgit dubu ɗari uku."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Allah ya jiƙansa, amma wannan ba zinare ba ce. Yadda ake gasa biskit haka aka ƙera su, dubbai. Ranar da ya fito da ita daga shago, kafin ya kai shataletale ta yi asarar kuɗin ƙaramin gida. Yanzu yara masu lantarki suke nema. In lafiyarta ƙalau, dubu saba'in."

Zaleha ta kalle ni kamar ni na kawo mata ɓarawo. Teoh bai damu ba. Ya ciro wata 'yar na'ura kamar gidan ashana, mai auna kaurin fenti, yana ɗora ta a jikin motar yana zagayawa. Da ya zo gaba ta hannun hagu sai ya daina surutu. Ya durƙusa, ya haska fitilar wayarsa ƙarƙashin bamba, ya daɗe a wurin.

"An sake fentin nan," ya ce. "Fitilar hagu ba tata ba ce, daga 'yan gwangwan aka samo ta. Madubin gefe ma haka. Motar nan ta bugi wani abu."

"Ƙarya ne. Ko kaza bai taɓa takawa ba," in ji Zaleha.

"Kak, ina takardar inshora ta gyaran?"

Babu. Kamarul mutum ne da ke adana rasit ɗin man juye, amma babu takarda ko ɗaya a kan wannan gyara.

Teoh ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya ja ni gefe, amma ya yi magana da muryar da Zaleha za ta ji.

"Dubu arba'in da biyar, yau, in kai ta wata jiha. Kuma shawara nake ba ku, kar ku tallata ta a waya. Akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Tamil da ke bin duk rawayar irin wannan da aka sa a kasuwa. Daga nan har Taiping babu dillalin da bai san shi ba. Ba ya saya, dubawa kawai yake yi. Kuma gefen hagu yake dubawa."

"Me yake nema?" na tambaya.

"Ni mota nake sayarwa, ba na tambayar mutane."

Bayan ya tafi Zaleha ta ce dabarar dillalai ce, a tsorata mace a karɓe mata kaya a banza. Ta sa na ɗauki hoto na sa talla a ranar, dubu tamanin. Kwana biyu samari suna kira, kowa yana taya abin da ya fi na wancan ƙasa. Wani har ya tambaya ko za mu karɓi babur a ciko.

A rana ta uku bayan azahar wani dattijo ya sauko daga bas a bakin layinmu, ya nufo gidan bai tambayi kowa ba. Siriri ne, da farar riga gogaggiya da baƙar lema a naɗe. Ya cire takalmi a bakin gareji, abin da babu wanda ya taɓa yi. Ya ce sunansa Perumal, tsohon direban bas ne.

"Dubu tamanin ta yi yawa, Puan," ya ce wa Zaleha cikin ladabi, da lakabin girmama matan aure. "Bara ana samunsu saba'in da biyar. Bana sun sauko. Duk shekara sauka suke yi, ina biye da su."

"To me ya kawo ka, Encik Perumal?" in ji Zaleha, ita ma da lakabin girmama maza.

Ya nufi gefen hagu, ya shafa bakin fitilar da yatsa, ya leƙa madubin. Ya buɗe ƙofa ya karanta 'yar takardar da bakanike ke liƙawa in an yi juyen mai. Kwanan watan da ke jiki Oktoba ne, shekara takwas baya. Na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙofar.

"Na duba irin wannan fiye da ɗari uku," ya ce. "Sha tara an gyara musu gefen hagu. Duk sha taran masu su sun nuna mini takarda da kwanan wata, na ba su haƙuri na tafi. Puan, kina da takardar wannan?"

Ba mu da ita. Sai ya ciro hankici daga aljihun gaba, ya warware shi a tafin hannu. Wani ɗan ɓallin roba ne rawaya, bai kai rabin biskit ba.

"'Yata Thilaga nas ce. Sha huɗu ga Nuwamba ta taso daga aiki da la'asar a kan babur, ana ruwa, a hanyar Gopeng. Mota ta buge ta ta baya ta jefa ta lambatu. Likita ya ce ta kai minti arba'in da rai a cikin ruwan. Wata mai sayar da gwaba a bakin hanya ta ga motar, amma ba ta ga lamba ba. Wannan na tsinta a wurin washegari."

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Zaleha. "Amma ba gidan nan ba ne. Mijina mutumin kirki ne. Suhaimi, raka shi."

Bai yi musu ba. Ya naɗe hankicinsa, ya sa takalmi, ya yi godiya. Sai dai bai hau bas ba. Ya tsallaka titi ya zauna a rumfar jiran bas da ke kallon ƙofar gidan, lema a kan cinya. Bas uku suka wuce shi. Sai gab da magariba ya tafi.

Washegari ya dawo, haka ma jibi. Ba ya magana da kowa, ba ya ɗaukar hoto. Ko ana ruwa yana nan. Maƙwabta suka fara tambaya. Zaleha ta daina shanya a gaban gida, ta daina buɗe labule. Na taɓa tsallakawa na ce masa zan kira 'yan sanda.

"Kira su, ɗana," ya ce. "Bas nake jira."

A rana ta shida na kira Teoh na ce mun amince da tayinsa.

"Wane tayi? Wancan na ranar Litinin ne. Yanzu dattijon ya gan ta, kowa ya ji. Ba mai sa ta a filinsa. Dubu sha biyar, in zo da motar janwe da sassafe, kafin azahar an yanka ta an raba kayan. Ba wanda zai sake ganinta."

Na gaya wa Zaleha. Ta ce to. Muka shiga gareji neman makulli na biyu da littafin motar. Ba su cikin durowa. Na tuna akwai wani ɗan sarari a saman silin inda Kamarul ke ajiye tarkace, na kafa tsani na hau. Can ƙurya, bayan gwangwanayen fenti, na taɓo wani buhun shinkafa ɗaure da waya. Na sauko da shi.

Fasasshiyar fitila ce a ciki, da madubin gefe rawaya, ɓalle a kusurwa.

Zaleha ta zauna a kan tsanin. Na ce mata mu sa buhun a but ɗin motar, gobe ya tafi tare da motar.

"Kira dattijon nan," ta ce.

"Kak Leha, mijinki ya rasu. Me za ki tona? Sunansa za ki ɓata, da naki."

"Don ya rasu ne nake cewa ka kira shi. Yana can da haƙƙin rai a wuyansa, ni ina nan ina yi masa sadakar shinkafa. In uban yarinyar ya yafe, ko ya samu sauƙi. Shekara takwas ina kwana da mutumin da ba ya barci, ban san dalili ba. Je ka kira shi."

Na tsallaka titi. Perumal ya ga fuskata ya miƙe tun kafin in yi magana.

A falo Zaleha ta zaunar da shi, ta kawo shayi da madara, ta ajiye madubin a kan tebur. Ya warware hankicinsa. Ya ɗauki ɗan ɓallin da yatsu biyu ya kai kusurwar, ya shige daidai, ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. Bai yi kuka ba. Ya dai riƙe su a haɗe, yana numfashi da baki.

Zaleha ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa.

"Encik Perumal, ban sani ba, Allah ne shaidata. Mijina ya cuce ka. Ya tafi inda ba zai iya roƙonka ba, ni nake roƙa masa. Ka ɗauki motar, ka ƙona ta, ka kai ni duk inda kake so in faɗi abin da na gani. Amma ka yafe masa."

"Tashi, Puan. Ke kin yi abin da ba kowa zai yi ba." Ya ajiye madubin a hankali. "Sai dai ba mijinki nake nema ba."

Muka kalle shi.

"Mai gwabar ta ce mutum biyu ne a motar. Namijin yana kujerar gefe. Mai riƙe da sitiyari yarinya ce, da farin ɗankwalin makaranta."

Zaleha ta juyo ta kalle ni. Ni ma a take na tuna. A watan nan ne Izzati take shirin jarrabawar fita sakandare, tana da shekara sha bakwai, ubanta ke ɗauko ta daga darasin yamma. Akwai ranar da suka dawo a tasi sharkaf, ya ce motar ta mutu a hanya. Izzati ta yi mako tana zazzaɓi. Har yau ba ta da lasisi. Mijinta ne ke kai ta ko'ina, muna yi mata dariya muna cewa matsoraciya.

Perumal ya ɗaga kai. A bango, saman talabijin, akwai babban hoton bikin Izzati.

"'Yarki ce?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Kyakkyawa ce. Tawa ma an sa ranarta." Ya shanye shayinsa har ƙasa, ya cire ɗan ɓallinsa ya mayar cikin hankici, ya bar mana madubin. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mu daina tallar, motar ba za ta sayu ba.

Bai sake zama a rumfar bas ba. Muka zuba ido ga 'yan sanda, ba su zo ba. Teoh ya kira sau biyu, Zaleha ta ce a gaya masa an fasa, don ko an yanka motar dattijon ya riga ya gani. Duk wayar da ta yi ƙara sai ta zabura. Ta ɗauki waya ta kira Izzati ya fi sau goma, in an ɗauka sai ta tambayi lafiyar jikanta Haziq ta kashe. Na ce ta gaya mata. Ta ce da wane baki.

Mako biyu ana haka. Ranar wata Laraba ina gidan muna cin abincin rana, Izzati ta kira. Zaleha ta sa wayar a bayyane yadda kowa zai ji, don hannunta na cikin kwano.

"Mak," ta ce, yadda take kiran uwarta, "wani abu ne ke damuna. Akwai wani tsoho da ke zama a ƙasan benenmu, wurin wasan yara. Kwana huɗu ke nan. Ba ya komai. In na sauko da Haziq sai ya miƙe ya gaishe ni, har sunana ya sani. Jiya ya tambaye ni ko na iya mota."

Zaleha ta rufe ido.

"Farar riga gare shi, da baƙar lema?"

Izzati ta rage murya.

"Mak, kin buɗe garejin ne?"

A ranar muka kama hanyar Seremban. Izzati ta ba mu labarin tana zaune a ƙasan kicin, mijinta Ridzuan yana tsaye a ƙofa, shi ma ranar ya fara ji. Ta ce ita ta nace wa ubanta ya bar ta ta tuƙa ko na minti biyar ne, hanya ba kowa. Ruwa ya ƙaru, ta taka mai maimakon birki. Ta ji ƙara, ta ga babur yana juyawa a madubi. Ta so ta tsaya. Ubanta ya riƙe sitiyarin yana ihu ta wuce, ta wuce. Sai bayan kilomita biyu suka yi musayar kujera. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har uwarta.

Ridzuan ya ce su tattara su koma garinsu a arewa tun kafin gari ya waye. Ni ma, kunya ko ba kunya, na goyi bayansa. Izzati ta ce mutumin da ya bi mota ɗari uku ba zai kasa bin mace ɗaya da goyo ba.

Da safe ta leƙa taga. Yana nan a kan benci, yara suna lilo a gabansa. Ta sa mayafi ta sauka ita kaɗai, ta hana kowa binta. Daga hawa na biyar muke kallonsu. Ya miƙe, ta tsaya nesa da shi kamar taku uku. Ita ke magana, shi yana sauraro da lema a hannu. Sun kai rabin awa. Da ta hawo ta ce abu ɗaya kawai ya tambaye ta, ko ta ji muryar 'yarsa. Ta ce masa a'a, ƙarar ruwa kawai ta ji. Ya ce ba zai kai ƙara ba, ya gaji da kai ƙara. Ya ce zai ci gaba da zuwa dai.

Kwana uku bayan haka Izzati ta kai kanta ofishin 'yan sanda, Ridzuan na riƙe da hannunta. Aka zo Ipoh da motar janwe aka ɗauki motar da buhun, duk layin na tsaye a ƙofar gida. Tayoyin sun bushe, ɗaya ta fashe tun kafin a kai bakin titi. Teoh ya gaya mini daga baya cewa in shari'a ta ƙare, a sikeli za a auna ta a biya kuɗin ƙarfe.

An ba da belin Izzati. Lauyanta ya ce ƙarancin shekarunta a lokacin zai taimaka, haka ma kai kanta da ta yi, amma gudun da aka yi aka bar mutum da rai a lambatu ba ƙaramin abu ba ne, kada mu sa rai da yawa. An zauna a kotu sau uku ana ɗagawa. Perumal ba ya fashi. Yana zama a layin baya, in mun shigo ya miƙe ya gaida Zaleha, ita ma ta amsa.

Zaleha ta koma Seremban kamar yadda ta so, tana kwana a ɗaki ɗaya da jikanta. Zama na gaba bayan ƙaramar salla ne. Lauya ya ce duk ranar kotu Izzati ta zo da 'yar jaka, kaya kala biyu da buroshi, don ba a san ranar da ba za ta dawo gida ba. Makon jiya na je na tarar da ita tana nuna wa uwarta yadda ake ba Haziq maganin asma na shaƙa, sau nawa ake matsawa, da yadda ake riƙe masa kai in ya ƙi. Zaleha ta gwada sau biyu ba ta yi daidai ba. Izzati ta ce ba komai, su sake daga farko.